Nauyin Jiki Da Nauyin Zuciya: Daga Ina Mai Cikin Jarrabawa Zai Fara Rage Ƙiba?

 

Wani dare bayan sallar Isha'i, jama'a sun watse, ladan yana kashe fankoki, sai na lura da wani bawan Allah yana zaune bai motsa ba. Na san shi shekaru da yawa. A da ba ya wuce sahun farko, amma a 'yan watannin nan ya koma can gefe kusa da bango, inda ake ajiye kujerun roba domin dattawa, alhali shekarunsa ba su haura arba'in da biyu ba. Da ya ga na miƙe sai ya matso ya gaishe ni, ya ce: "Allah gafarta Malam, ina da magana, amma ban sani ba ko irin wadda ake kawo wa malamai ce." Na ce masa ya faɗa, in ba tawa ba ce zan nuna masa masu ita. Da izininsa nake kawo labarin a nan, ba tare da suna ko unguwa ba.

A cikin wata bakwai, mahaifinsa ya rasu bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki, ya bar masa mahaifiya da abokiyar zamanta da ƙanne shida, uku daga ciki suna makaranta. Wurin da yake aiki aka rage ma'aikata, sunansa yana ciki. Kuɗin haya ya gagara, ya kwashe iyalinsa ya koma gidan gado, ɗaki biyu. Ana cikin haka matarsa ta haifi ɗansu na huɗu. Ranar da ya raka ta yi wa jaririn rigakafi, wata ma'aikaciyar jinya ta ga yadda yake haki don ɗan hawan bene, ta ce ya zauna a auna shi. Jini ya hau, suga yana bakin iyaka, sikeli kuma ya nuna kilo 104 ga mutumin da tsawonsa bai wuce mita ɗaya da santimita saba'in ba. Likita ya rubuta masa maganin hawan jini, ya ce lallai ya rage nauyi.

Tsoro ya kama shi, domin ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare. A daren ya yanke wa kansa hukunci: azumi kullum, babu tuwo babu shinkafa, gudu kowace safiya, ga kuma wani shayin rage tumbi da ya saya da ɗan abin da ya rage masa. Ya ce: "Malam, kwana tara na yi. A na goma na tsinci kaina a teburin mai shayi ƙarfe sha ɗaya na dare, na ci indomie biyu da ƙwai huɗu da burodi, na kora da lemo. Tun daga ranar ban sake gwadawa ba. Ni dai na ga alamar ba ni da zuciya. Wanda ya kasa riƙe cikinsa, ta yaya zai riƙe gida?"

Wannan jumla ta ƙarshe ce ta sa na zauna sosai. Mutumin bai zo neman tsarin abinci ba. Ya zo ne yana ɗauke da hukuncin da ya yanke wa kansa cewa shi ragon namiji ne, mai raunin imani. Kuma na tabbata akwai irinsa da yawa a cikin masu karanta wannan shafi, maza da mata: wadda aka saka, wadda take takaba, wanda ya yi ritaya fansho bai fito ba, amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, ɗalibin da ya bar gida karon farko.

Abin da na fara gaya masa shi ne, ba rashin zuciya ne ya kayar da shi ba, kaya ne ya ɗora wa jakin da ya riga ya durƙusa. A shekarar 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera abubuwa 43 da ke sauya rayuwar mutum, suka ba kowanne maki gwargwadon yadda yake girgiza shi. Mutuwar miji ko mata suka ba maki 100, saki 73, rasuwar makusanci 63, sallama daga aiki 47, ƙaruwar sabon mutum a gida 39, sauyin halin samu 38, sauya gida 20. Har aure, da yake abin farin ciki, ya sami 50. Sun lura cewa idan makin mutum ya taru da yawa a shekara guda, yiwuwar ya kwanta ciwo takan ƙaru. Gaskiya ne a kan Amurkawa aka gina ma'aunin, kuma su ba su san nauyin ƙanne shida da kishiyar uwa ba. Amma ko da nasu lissafin, mutumin nan ya haura maki 200. Abin da ya fi jan hankalina a jerin shi ne, sauya yanayin cin abinci shi ma an lissafa shi a matsayin nauyi, da maki 15. Wato rage ƙiba ba hutu ba ne daga damuwa, wani kaya ne a kan kaya. Dole a san girman da za a ɗora.

Likitoci sun yi bayanin yadda abin yake faruwa a cikin jiki. Idan damuwa ta daɗe, jiki yakan riƙa fitar da wani sinadari mai suna kotisol fiye da kima, wanda ke ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana kuma taimakawa wajen tara kitse a tumbi. Idan barci ya yi ƙaranci, kamar yadda yake ga mai jariri a ɗaki da bashi a wuya, sinadarin da ke tayar da yunwa yakan ƙaru, wanda ke sanar da ƙoshi kuma ya ragu. Ka haɗa wannan da mutumin da ya wuni bai ci komai ba, ya yi gudu da safe, ya sha abin da ke sa gudawa. Teburin mai shayi a dare na goma ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki shi ne da ya kai kwana tara.

Shari'a ta riga ta san cewa baƙin ciki yana taɓa cikin mutum. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar bn Abi Ɗalib (RA) ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, saboda abin da ya shagaltar da su ya same su, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha (RA), bayan mata sun watse an bar na jiki, takan sa a dafa talbina, wani kunu mai laushi na garin sha'ir da madara, ta ce su ci, tana mai kafa hujja da cewa ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana kuma tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Dubi hikimar: ba a ce mai makoki ya ƙaurace wa abinci ba, ba a kuma cika masa gaba da soye-soye ba. Abinci mai sauƙi, mai ɗumi, wanda wani ya dafa masa. Mu kuwa a yau mun juya abin, mamatan gida su ne ke ɗora tukwane ana ta sauke wa 'yan zaman makoki shinkafa da lemo tun daga uku har arba'in, kuma kwalaben da suka rage a firji su ne marayu da gwauruwa za su yi ta sha. Wannan wata magana ce ta wata rana.

To, tunda nauyi ya yi yawa, shin sai ya jingine maganar ƙibar har komai ya lafa? Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma ya fi na farko yawa a cikinmu. "Bari in sami aiki tukuna." "Bari a raba gado." "Bari in yaye yaron." Hawan jini ba ya jiran a raba gado. Kuma wanda mutum goma sha uku suke kallon hannunsa, lafiyarsa ta daina zama tasa shi kaɗai. Ban ga hujjar da za ta sa ya jira ba. Abin da na gani shi ne hujjar da za ta sa ya rage girman abin da yake nema.

Mutane da yawa suna zaton sai sun koma jikin samartaka sannan za a ce an yi nasara. Ba haka likitoci suke cewa ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya kawo sauƙi a hawan jini da suga. Akwai wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2002, a kan mutanen da sugansu ke bakin iyaka kamar na wannan bawan Allah. An nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Yawan waɗanda suka kamu da ciwon suga a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su bi tsarin ba. Kashi 7 na kilo 104 bai wuce kilo bakwai da ɗan ɗoriya ba. Da na faɗa masa haka sai ya ɗago kai ya ce: "Bakwai kawai, Malam? Ni talatin nake lissafi." Na ce talatin ɗin tana nan, amma ba ita ce ta bana ba. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kuma wadda ta fi kilo ɗaya a mako yawanci ba ta ɗorewa.

A nan ne addininmu yake da abin faɗa wanda ya fi na masu tallar magani. Abdullahi bn Amr bn Al-As (RA) yana saurayi ya ɗaura niyyar azumtar kowace rana da raya kowane dare. Annabi (SAW) ya hana shi, ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa yana da haƙƙi, matarsa ma tana da haƙƙi. Ya nuna masa azumin kwana uku a wata. Abdullahi ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a azumin Annabi Dawud (AS), yau a yi gobe a sha. Da tsufa ya zo masa, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Haka nan Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙewa idan ta gaji da tsayuwar dare. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Duk waɗannan suna cikin Bukhari da Muslim. Idan a ibada tsantsa, wadda sakamakonta Aljanna ne, an hana mutum ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ɗorewa a kai ba, ina ga rage tumbi?

Ya tambaye ni game da azumin da ya yi, ko yana da lada tunda da niyyar ramewa ya yi shi. Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun riga mu. Imam Shihabuddin Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin riya da haɗa ibada da wata manufa halattacciya. Riya ita ce a yi don mutane su gani, kuma tana ɓata aiki. Amma wanda ya yi azumi don Allah yana kuma fatan jikinsa ya sami lafiya, azuminsa ya inganta, ko da yake ladan wanda ya tsarkake niyya ga Allah kaɗai ya fi cika. Wanda kuwa bai ƙulla niyyar ibada ba sam, yunwa kawai ya zauna da ita don sikeli ya sauka, wannan ba azumi ya yi ba, kuma babu laifi a kansa, sai dai kada ya kira shi da sunan da ba nasa ba. Shawarata gare shi ita ce ya bar azumin kullum, domin an hana, ya kama Litinin da Alhamis idan likitansa ya amince, ko kwanaki uku na tsakiyar wata, 13 da 14 da 15. Mai shan maganin suga ko allurar insulin kada ya fara azumin nafila sai ya tambayi likita, domin sugan na iya faɗuwa ƙasa ya jefa shi cikin haɗari. Kuma azumin da za a buɗe da ƙosai goma da kunu mai suga da lemo, sannan a bi da tuwo, lada yana nan in sha Allahu, amma tumbin ma yana nan.

Muka tsaya a kan abu ɗaya da zai fara da shi, ba biyar ba, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na tambaye shi abin da yake sha a rana. Lemon kwalba biyu, shayi biyu, kowanne da cokali huɗu na suga ban da madarar gwangwani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da babban mutum yake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Robar lemo ɗaya mai rabin lita ta riga ta cinye wannan adadin gaba ɗaya. Shi yana shan ninki biyu da ɗoriya kullum, kuma abin sha ba ya ƙosarwa, bayan ya sha sai ya ci abincinsa cikakke. Na ce masa wata guda kada ya taɓa tuwonsa, kada ya yi gudu, kada ya hau sikeli. Ya bar lemo, ya mayar da sugan shayi cokali ɗaya, zoɓo da kunun aya na sayarwa ma ya yi hankali da su, don suga ne a ciki. Wannan ne kaɗai tsarin rage ƙiba da na sani wanda ke mayar wa mutum kuɗi aljihu, kuma ga wanda ba shi da albashi a wannan tsadar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai abu na biyu, bayan na farko ya zauna. Wanda rayuwarsa ta rikice, abin da ya fara rasawa shi ne tsarin yini. Babu lokacin fita aiki, babu lokacin dawowa, dare da rana sun cakuɗe, abinci kuma ya koma duk lokacin da zuciya ta ƙuntata. Amma Musulmi yana da turaku biyar da ba sa gusawa ko an kore shi daga aiki, ko an yi masa rasuwa, ko ya sauya gari. A jikinsu ya kamata a ɗaure sabuwar ɗabi'a. Ƙabilar Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi (SAW), sai ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Mutumin nan yana da masallaci a ƙofar gida, namu kuma tafiyar minti goma ce, amma a kan babur yake zuwa. Na ce ya ajiye babur a Asuba da Isha'i. Zuwa da dawowa sau biyu minti arba'in ke nan a rana, ya haura minti 150 na mako da Hukumar Lafiya ta Duniya take nema ga manya. Sai dai an umarce mu mu zo salla da natsuwa, ba da gudu ba, saboda haka a tafi a natse, a dawo da ɗan sauri har numfashi ya ɗaga kaɗan. Kuma ya fi kyau ya ci abincin dare tsakanin Magariba da Isha'i, domin tafiya bayan cin abinci tana taimakawa wajen saukar da suga. Ba zan ɓoye ba, tafiya ita kaɗai ba ta cika zubar da kilo mai yawa ba, abin da ke shiga baki ya fi tasiri. Amma tana saukar da jini, tana gyara barci, tana rage ƙuncin zuciya, kuma tana fitar da mutum daga ɗakin da yake zaune yana ta saƙa da warwara.

Bayan Isha'i kuma a kwanta. Abu Barza (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Mafi yawan abin da ke lalata ƙoƙarin masu rage ƙiba tsakanin ƙarfe goma da ɗayan dare yake faruwa, waya a hannu, leda a gefe.

Tuwo shi ne na ƙarshe da muka taɓa, kuma ba mu hana shi ba. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdam bn Ma'adikarib (RA) da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya nuna cewa 'yan lomomi da za su miƙar da bayan mutum sun ishe shi, in kuwa ba makawa, to ya raba cikinsa uku: abinci, abin sha, da numfashi. Kowa ya haddace wannan hadisi, amma kaɗan ne suka mayar da shi malmala. Mai cin malmala uku ya koma biyu, ya ƙara miya da ganye. Zogale da rama da yakuwa da kabeji da wake ba abincin masu kuɗi ba ne, kuma suna riƙe ciki. A lura da mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, mu kuwa ba da cokali muke zubawa a garau-garau ba. Na kuma ja masa kunne kada ya mayar da wannan wani sabon aiki a kan mai jego, ya ce sai an ɗora masa tukunya daban. Abin da aka dafa wa gida shi zai ci, ya rage yawa. Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Mata suna da nasu yanayin, kuma ya fi na maza tsauri. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci, ba ragi ba, saboda haka watannin farko na jego ba lokacin yunwa ba ne. Abin da za ta iya shi ne rage zaƙi da soye-soye, da tafiya a hankali idan jiki ya warware. Mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gida, kuma a al'adarmu akan zaunar da ita wuri guda kamar motsi ma haramun ne. Shari'a ba ta ce haka ba. Malamai sun halatta mata fita da rana domin buƙata, kamar zuwa asibiti, matuƙar za ta kwana a ɗakinta, balle zagaya tsakar gida da yin aikinta. Muslim ya ruwaito cewa wata gwaggon Jabir (RA) ta wajen uwa tana cikin iddar saki ta so fita girbin dabinonta, wani ya tsawata mata, Annabi (SAW) ya ba ta izini.

Ga mazaje kuma ina da magana. Macen da ta haifa maka 'ya'ya huɗu jikinta ba zai zauna kamar ranar da aka kawo ta ba. Laƙabin da kake kiranta da shi a gaban yara, kana cewa wasa ne, yana cikin abin da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana, kuma gori bai taɓa ramar da kowa ba, sai dai ya ƙara tura mutum ga abinci a ɓoye. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce mata cikin raha wannan ramuwar waccan ce. Bai ce ta yi ƙiba ba, tsere ya sake gayyatarta. Mu al'umma ce mai baki biyu a wannan babi: in mutum ya yi teɓa a ce ya samu wuri, in ya fara ramewa a bi shi da "lafiya kuwa?" har ya ji kunya ya koma. Mai rage ƙiba ya shirya wa wannan tambayar amsa gajeriya, ya ce likita ne ya sa shi, ya wuce.

Shayin rage tumbin da ya saya kuwa na ce ya zubar. Yawancin irinsu masu sa gudawa ne ko yawan fitsari, ruwan jiki suke zubarwa ba kitse ba, kuma suna iya wahalar da ƙoda. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano wani sinadari mai suna sibutaramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Rubuta "maganin Musulunci" a jikin kwalba ba ya mayar da abin da ke ciki Sunna.

Akwai kuma wata rama da ba a murna da ita. Wanda yake zubewa ba tare da ya nema ba, musamman in da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ya je a auna sugansa. In da tari da ya wuce mako biyu da gumin dare, ya je a yi masa gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kada a ce ai tunanin rasuwa ne a zauna. Haka wanda ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, barci ya gagara ko ya yi yawa, yana ganin rayuwarsa ba ta da amfani, wannan ya ga likita kafin ya yi maganar sikeli. Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Alƙur'ani bai zarge shi ba. Malami yana da aikinsa a nan, likita yana da nasa, ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya.

Wata biyar ke nan da waccan hira. A tsakani ya faɗi sau ɗaya, lokacin da rabon gado ya tayar da ƙura tsakanin ɗakunan biyu, ya yi kusan mako biyu yana komawa wurin mai shayi. Bambancin shi ne wannan karon bai ce ya zama rago ba, ya zo ya faɗa mini, washegari ya taho Asuba a ƙafa. Har yanzu bai sami aiki tsayayye ba, yana taimaka wa wani abokinsa a shagon kayan gini. Sikelin asibiti ya nuna kilo 97 a awon da ya yi na ƙarshe, sugan ya ɗan ja baya daga bakin iyaka, maganin hawan jini kuma likita ya ce ya ci gaba da sha, ya dawo bayan wata uku. Ranar Juma'ar da ta wuce na hange shi a sahu na biyu, ba a kan kujera ba. Ya yi sujada a ƙasa, da zai miƙe ya dafa kafaɗar ƙanensa.